Amsoshin Tambayoyinku: Dokar Kamun Kifi a Luwiziyana

Wani mai sauraronmu daga Yawuri ya ce ya ji wai a Amurka sai an auna kifi da awo kafin a tafi da shi gida, yana son ƙarin bayani.

To malam, zancen gaskiya ne. Ɗauki misalin tirawut mai ɗigo-ɗigo, wani kifin gaɓar teku da masu kamun ƙugiya don nishaɗi ke ji da shi a jihar Luwiziyana. A da, mutum kan kama har 25 a rana, muddin kowanne ya kai inci 12. Binciken hukumar kula da namun daji da kifayen jihar a 2019 ya nuna kamun ya wuce kima. Aka daɗe ana kai-komo, domin masu ƙugiya da 'yan majalisa ba su amince da shawarar farko ta sauya dokar ba.

Daga Nuwambar 2023 adadin ya koma 15, tsawo kuma daga inci 13 zuwa 20, biyu kacal aka yarda su zarce 20. Dalili? Ƙanana su samu su yi ƙwai kafin su shiga tukunya. Manyan kuwa yawancinsu mata ne, su suka fi zuba ƙwai, kuma a ganina nan hikimar dokar take.

Jihar Tekas, maƙwabciyar Luwiziyana, ta fi tsanantawa: bayan mummunan sanyin Fabrairun 2021 ya hallaka kifaye, a 2024 ta taƙaita kamun zuwa uku a rana.