DARASIN ADABI: IDAN LITTAFI YA KOMA FIM, ME YAKE RAGUWA?

Ya ku ɗalibai, akwai wata dabara da ta yaɗu a tsakanin 'yan makaranta. In aka ba su littafi su karanta, sai su nemi fim ɗinsa su kalla cikin sa'a biyu, su ce ai gani ya kori ji. Wannan darasi zai duba ko dabarar tana da amfani. Za mu ɗauki misalai daga iri biyu na ƙagaggun labarai: labarin kimiyya, wato wanda aka gina a kan abin da bincike da na'ura za su iya haifarwa, da kuma labarin al'ajabi, wanda ke da dodanni da tsafi da duniyar da babu ita. Kun san irinsu a gida, domin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da al'ajabi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo kuwa ya kai mai karatu sararin samaniya.

1. Dalilin da ya sa ake canji

Littafi ba ya gaggawa. Marubuci yana iya ba da shafi goma ga tunanin mutum guda, amma kyamara ba ta ganin zuciya, sai fuska da motsi. Ban da haka, fim yana cin kuɗi masu yawa, masu zuba jari kuma suna son abin da zai cika gidan silima, wato faɗa da gudu da soyayya. Saboda haka canji dole ne. Sai dai canji iri uku ne: ragi, ƙari, da sauya ma'ana. Na farko da na biyu sau da yawa ba su da illa. Na ukun ne ya kamata mai karatu ya sa wa ido.

2. Frankenstein: dodon da aka ƙwace wa baki

Mary Shelley, 'yar Ingila, ta fitar da littafin Frankenstein a shekarar 1818, tana da shekara 20. Labarin wani ɗalibin kimiyya ne mai suna Victor Frankenstein, wanda ya harhaɗa gaɓoɓi ya yi wata halitta, ya sa mata rai. Da ya ga muninta sai ya gudu ya bar ta. Ku lura, Frankenstein sunan mai yin halittar ne, ita kanta ba ta da suna.

A cikin littafin, wannan halitta tana da hankali ƙwarai. Ta ɓuya kusa da bukkar wasu talakawa, tana sauraronsu ta wata kafa har ta koyi magana da karatu. Tana yi musu itace da dare a ɓoye. Ta karanta littattafai, har da Paradise Lost na John Milton, ta kwatanta kanta da Adamu. Sai da kowa ya kore ta da duka da jifa sannan ta zama mai kisa. Da ta sadu da Victor, ta kai ƙararsa a gabansa da hujjoji masu ƙarfi.

A fim ɗin 1931 da James Whale ya shirya a Amurka, inda Boris Karloff ya fito a matsayin dodon, an ƙwace masa baki gaba ɗaya, sai gurnani. An kuma ƙirƙiro wani mataimaki mai suna Fritz, wanda ya sato ƙwaƙwalwar wani mai laifi aka sa wa dodon. Wannan ƙaramin ƙari ya juya labarin. Littafin yana cewa ƙi da wulaƙanci ne suka lalatar da halittar, alhakin kuma yana wuyan wanda ya yi ta ya yar. Fim ɗin kuwa ya ba mai kallo damar cewa tun asali muguwar ƙwaƙwalwa ce aka sa mata.

Ga mai bi, darasin littafin a fili yake. A Littafin Farawa, Allah ya dubi abin da ya halitta ya ga yana da kyau, har bayan Adamu ya yi zunubi ya zo ya neme shi, ya yi masa sutura. Victor ya so ikon Mahalicci, amma ba shi da ƙaunar Mahalicci. Wanda ya tsaya ga fim ɗin 1931 zai ga abin tsoro, amma wannan tambaya za ta wuce shi. Fim ɗin 1994 na Kenneth Branagh ya mayar wa halittar da bakinta, don haka ya fi kusa da littafin ta wannan fuska.

3. The Lord of the Rings: ragi mai kyau da ragi mai ciwo

J. R. R. Tolkien ya fitar da wannan labari cikin juzu'i uku a 1954 da 1955, shafuffukansa sun haura dubu. Peter Jackson ya mai da shi fina-finai uku a 2001, 2002 da 2003, tsawonsu ya wuce sa'a tara, na ukun kuma ya ci lambar Oscar 11. Labarin wani zobe ne mai ba da iko amma mai lalatar da zuciyar mai riƙe shi, da wani ɗan ƙaramin taliki, Frodo, da aka ɗora wa kai shi dutsen wuta a hallaka shi.

An yi ragi da yawa. A littafi shekara 17 ce tsakanin samun zoben da tashin Frodo daga gida, a fim kuwa kamar 'yan kwanaki. An cire Tom Bombadil ɗungum. Wannan bai karya ƙashin bayan labarin ba. Haka nan an riƙe babban darasinsa: Frodo ya kasa jefa zoben a ƙarshe, Gollum kuwa, wanda aka yi wa jinƙai aka bar shi da rai, shi ne sanadin hallakar zoben.

Amma akwai wurare biyu da ma'ana ta motsa. Na ɗaya, Faramir. A littafi, zoben ya zo hannunsa a sauƙaƙe, ya ƙi taɓawa. Tolkien yana nuna cewa akwai mutumin da ya horar da zuciyarsa tun kafin gwaji ya zo. A fim an sa ya kama Frodo ya nufi birninsu da shi kafin ya sake shi, domin a ƙara zullumi. Na biyu, ƙarshen labari. A littafi, da su Frodo suka koma gida sun tarar mugaye sun mamaye ƙasarsu, an sare itatuwa, sai da suka sake yin yaƙi. Fim ya cire wannan, suka tarar da gida lafiya lau. Tolkien ya yi yaƙin duniya na ɗaya, ya san cewa yaƙi ba ya barin gida yadda yake.

4. Inda suna kawai aka ara

Wani lokaci abin da ya haɗa littafi da fim bai wuce suna ba. I, Robot na Isaac Asimov, na 1950, gajerun labarai ne guda tara masu sa tunani a kan dokoki uku da aka gindaya wa mutum-mutumi. Fim ɗin 2004 da Will Smith ya fito ya ɗauki sunan da dokokin da wasu 'yan wasa, ya gina labarin ɗan sanda da bore. Ɗalibin da ya amsa tambayar jarrabawa daga irin wannan fim ya yi asarar makinsa.

5. Ma'aunin da za ku riƙe

Kada ku auna fim da ƙidayar abin da aka cire. Ku yi tambaya uku. Shin mutanen labarin suna nan da halinsu? Shin sanadin abin da ya faru bai canza ba? Shin darasin ƙarshe shi ne na marubucin? Ba za ku iya amsa ko ɗaya ba sai kun karanta littafin. Ku tuna da mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni sura 17, waɗanda aka yaba musu domin suna komawa ga Nassi kullum su tabbatar da abin da aka faɗa musu. Wannan hali yana da amfani a coci, yana da amfani a aji.

Aikin gida

(a) Bayyana bambancin ragi, ƙari da sauya ma'ana, da misali ɗaya ɗaya.
(b) Me ya sa ƙwaƙwalwar mai laifi ta canza darasin Frankenstein?
(c) In an ba ka sa'a biyu ka mai da Ruwan Bagaja fim, me za ka cire, me kuma ba za ka taɓa ba? Kawo dalilanka a shafi guda.