CIWON GAƁƁAI MAI CIN ƘASHI

Ciwon gaɓɓai iri iri ne. Akwai na tsufa, akwai wanda kan biyo bayan targaɗe ko karaya. Amma akwai wani da likitoci ke kira rumatoyid, wanda ya kamata kowane maigida ya san shi, gama ya fi kama mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kashi 70 cikin ɗari kuwa mata ne.

Yakan soma a ƙananan gaɓɓai, yatsu da wuyan hannu, dama da hagu gaba ɗaya. Mace ta tashi da asuba ta tarar hannu ya kumbura ya sage, ta kasa riƙe taɓarya ko muciya, har sa'a guda ko fiye kafin ya saki. Mutane su ce sanyi ne. To, ba sanyi ba ne.

Ku sani ƙashi abu ne mai rai, kullum ana gyaransa kamar katangar ƙasa. Cikinsa akwai ma'aikata iri biyu, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Waɗansu na kankare tsohon ƙashi, waɗansu na bin bayansu suna yaɓa sabo. Muddin aikinsu ya zo daidai, ƙashi yana nan da ƙarfinsa.

Har yau cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun jiki masu yaƙi da cuta. Ba su da baki, saboda haka da waɗansu sinadarai suke aika wa juna saƙo, watau saitokin. Cikin wannan ciwo dakarun nan sukan ruɗe, su far wa tantanin da ke lulluɓe da gaɓa sai ka ce abokin gaba. Suna ta sakin saƙon gayya, manya cikinsu ana ce da su TNF da IL-6, gaɓa ta yi zafi ta kumbura. Waɗannan kuma su sa tantanin ya fitar da wani saƙo mai suna RANKL, wanda aka gano wajen 1997. Shi ne ke tashin masu kankare ƙashi, ya sa su yawaita. Masu yaɓe kuwa kumburin yakan kashe musu hannu. Sai ƙashi ya riƙa zaizayewa daga gefen gaɓa, kamar gara ta shiga azara, daga waje ba a ganin kome. Sau da yawa ɓarnar nan takan soma cikin shekara biyu na farko, ramin da aka ci kuwa da wuya ya sake cikewa. Abin da ke sa yatsu su karkace ke nan.

Don haka tsaga da ƙaho ba su kai inda cutar take. Ƙwayar kashe zafi takan kawo sauƙi, amma saƙon nan bai daina tafiya ba. Ku yi hankali musamman da irin su deksametason da ake saye a kasuwa: in an daɗe ana shansu ba da izinin likita ba, su ma sukan rage ƙarfin ƙashi.

Kadan kumburi irin wannan ya wuce mako shida, ku kai mai ciwo asibiti, kada a jira sai bayan kaka. Likita zai duba jini, ya ɗauki hoton ƙashi. Maganin da aka fi somawa da shi metotirekset ne, sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba, a riƙa komawa awon jini. Mai ciki da mai shayarwa ba su shansa. Tun 1998 kuma akwai allurai masu tare TNF kansa, amma suna da tsada, kuma sai an duba ko mutum na da tarin fuka tukuna, domin sukan tayar da shi.

Shan taba na ƙara wannan ciwo, mai sha ya bari. Maigida kuma ya sa yara su ɗauke wa mai ciwo daka da jan ruwa ran da gaɓa ta kumbura. Ran da ta lafa, ta riƙa motsa yatsu a hankali cikin ruwan ɗumi, kada su sandare.