Yawan jinin haila kafin ta ɗauke: mu san iyakarsa

 Darasinmu na yau ya shafi matan da suka wuce shekara 40. A wannan lokaci haila takan fara rikicewa. Wata ta zo da wuri, wata ta yi jinkiri, wata kuma ta zo da yawa har mace ta kasa fita gona ko kasuwa. Mata da dama sukan ce girma ne, su yi shiru. Girman ne, amma ba kowane jini ake yi wa haƙuri ba.

Me yake faruwa a cikin jiki?

Yawancin mata haila tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ta ɗauke ɗungum, jiki yakan yi ƴan shekaru yana sauyawa. A da, kowane wata ƙwai ɗaya yake fita daga ma'ajiyarsa. Idan ya fita, jiki yana samar da wani sinadari mai hana shimfiɗar cikin mahaifa yin kauri fiye da kima. Yanzu kuwa, wani watan ƙwai ba ya fita. Sai shimfiɗar ta yi ta ƙara kauri. Ranar da ta zube, sai jini ya zo da yawa, har da gudaji.

Amma akwai wasu dalilai. Akwai ƙarin mahaifa, wanda ya yawaita ga matan Afirka. Akwai ɓari, domin mace tana iya ɗaukar ciki muddin haila ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. Akwai kuma sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa. Da ido ba a rarrabe su. Sai an yi awo.

Yaushe jini ya yi yawa?

1. Idan ya wuce kwana 7.
2. Idan kina canja ƙunzugu ko auduga duk awa 1 ko 2.
3. Idan kina tashi cikin dare domin canjawa.
4. Idan gudaji sun kai faɗin tsabar dala ashirin.
5. Idan jini ya zo tsakanin haila da haila, ko bayan saduwa da maigida.

Ki riƙe wannan da kyau: idan kin yi wata 12 cur ba ki ga haila ba, sannan jini ya dawo, ko ɗigo ɗaya ne, ba haila ba ce. Ki je likita cikin kwanakin nan.

Idan kuwa ƙunzugu yana jiƙewa duk awa har awa 2 a jere, kina jin jiri, zuciya tana bugawa da sauri, to, a kai ki nan take, ko da dare ne.

Mata da yawa sukan tambayi malam hukuncin salla da azumi idan jini ya zarce kwanakinsa. Wannan daidai ne. Malam zai faɗa miki lokacin yin wanka. Amma dalilin jinin, sai ma'aikatan lafiya.

Ƙarancin jini

Jinin da yake zuba yana fita da sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake gina jini da shi. Alamun ƙarancinsa su ne kasala, haki bayan ɗan daka ko jan ruwa, ciwon kai, da farin tafin hannu da na cikin fatar ido. Wasu har kwaɗayin cin farar ƙasa suke yi.

Ki yawaita cin hanta, nama, kifi, wake, zogale da rama. Ki haɗa da tumatir, lemun tsami ko gwaba, domin suna taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen. Kada ki sha shayi tare da abinci, yana tare shi. Ki bar awa 1 ko 2 a tsakani. Amma abinci kaɗai ba ya mai da abin da ya zube da yawa. Idan an ba ki ƙwayar ƙarin jini, ki sha ta tsawon watannin da aka ce, yawanci 3 ko fiye. Bayan gida zai yi baƙi. Wannan ba ciwo ba ne.

Me za a yi miki a likita?

Ki fara da gidan likita mafi kusa. Ungozoma za ta duba ki, a auna jini, a tabbatar ba ciki. Idan da bukata, a tura ki babban asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da ɗa ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Can ake hoton mahaifa, a kuma ɗebi ɗan nama a bincika.

Magani yana nan. Akwai ƙwayar da ake sha a kwanakin haila kaɗai, mai rage zubar jini. Akwai ƙwayoyin sinadari masu daidaita ta. Akwai ɗan abin tazarar haihuwa mai sinadari da ake sawa cikin mahaifa, wanda yake rage jini ƙwarai. Aiki kuwa sai idan waɗannan ba su yi ba, ko awo ya nuna dole.

Ki guji asfirin, yana ƙara zubar jini. Ki guji sayen ƙwaya a hannun masu talla.

Aikin gida

Ke da kika koyi rubutu, ɗauki littafinki. Rubuta ranar da jini ya fara, da ranar da ya tsaya, da yawan ƙunzugun da kika canja kowace rana. Ki je da littafin wurin ungozoma. Maigida kuma, naka shi ne izini da kuɗin mota, tun kafin ta kwanta.

Tambayoyi

1. Kwana nawa haila za ta wuce a ce ta yi yawa?
2. Me ya sa ba a shan shayi tare da abinci?
3. Me mace za ta yi idan jini ya dawo bayan wata 12?

Allah ya ba mu lafiya.