Darasi: Baƙuwa a Birnin Kano, Wa Zai Riƙe Hannunta?

Karatu: Rut 1 da 2, Littafin Firistoci 19:33-34, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Manufa: Mu ga yadda ikilisiyar ƙauye za ta taimaki matanta da 'yan matanta masu tafiya birni neman abinci, ta hannun 'yan'uwansu mata masu aikin sa kai.

Gabatarwa

'Yan'uwa cikin Almasihu, da zarar an gama girbi, ƙauyukanmu sukan rage mutane. A da, maza ne aka sani da cin rani. Yanzu mata ma suna tafiya: gwauruwa mai marayu, budurwa mai neman kuɗin kayan ɗaki, da matar da damina ba ta yi wa gidanta kyau ba. Akwai kuma waɗanda rikici ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa, musamman a 2014. Da yawa cikinsu sukan sauka a Kano, su kama wanke-wanke, shara ko raino a gidajen cikin birni. Idan mace ta sauka a tashar Unguwa Uku ba ta san kowa ba, wanda ya fara yi mata magana shi ne zai juya rayuwarta, ko zuwa alheri ko zuwa wahala.

Birni ya saba da baƙi

Wasu cikinmu suna jin tsoron cikin ganuwa, suna ganin ba wurin baƙo ba ne. Amma sunayen unguwannin kansu suna ba da wani labari. Ayagi unguwar Yarabawa ce tun asali, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari ta mutanen Borno, Agadasawa kuma ta mutanen Agadas. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ita ce ta jawo su. Baƙon fatake ba ya yawo shi kaɗai. Yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya nuna masa kasuwa, ya tsaya masa idan magana ta taso. Da haka baƙi suka zama 'yan gari.

Matar ƙauye mai zuwa a yau ba ta da irin wannan mai masauki. Majami'u kuma galibi suna Sabon Gari da sauran unguwannin wajen ganuwa, saboda haka tana iya yin watanni ba ta ga 'yar'uwa mai bi ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Rut mutuniyar Mowab ce, gwauruwa, ta iso Baitalami a farkon girbin sha'ir hannu wofi. Mu lura da irin taimakon da ta samu. Na'omi ta san garin da mutanensa, ta riƙa ba ta shawara. Bo'aza ya bar ta ta yi kala a gonarsa, ya ce ta manne wa 'yan matansa masu aiki, ya kuma gargaɗi samari kada su taɓa ta. Ba sadaka kawai aka ba ta ba. Ta sami aiki, da abokan aiki mata, da kariya, da mai ba ta shawara. Waɗannan huɗu ne bukatun baƙuwa har wa yau.

A Ayyukan Manzanni 6 kuwa, an riƙa tsallake gwauraye masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai, aka danƙa musu aikin. Tausayi yana bukatar tsari, domin aikin kowa da kowa yakan zama aikin ba kowa.

Don me sai mace?

A gidajen cikin birni, baƙon namiji iyakarsa zaure. Fasto ko dattijon ikilisiya ba zai shiga ya ga inda yarinyarmu take kwana ba. Mace kuwa za ta yi sallama ta shiga, ta gai da uwargida, ta ga komai da idonta. Kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba, komai girmansa. Saboda haka wannan hidima ta dace da Zumuntar Mata, musamman matan da suka riga suka yi zaman birni. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Aikin mai riƙon baƙuwa

1. Ta tarye ta a tasha, ta ba ta wurin kwana na 'yan kwanakin farko.

2. Ta koya mata zaman gari: sutura mai rufe jiki da lulluɓi, gaisuwar manya, da girmama lokutan sallar masu gida. Girmama maƙwabci ba musun bangaskiya ba ne.

3. Ta kasance a wurin sa'ad da ake yanke albashi. A faɗi nawa ne, da ranar biya, da izinin zuwa sujada ranar Lahadi. Kuɗi ya shiga hannun mai aikin. Sau da yawa dillaliyar da ta kawo yarinya ce take karɓe shi.

4. Ta nuna mata hanyar asibiti tun ba ta yi ciwo ba, kamar Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata.

5. Ta sa ta cikin adashin mata amintattu, ta kuma ziyarce ta aƙalla sau ɗaya a wata.

Wadda aka riƙe bana, ita ce za ta riƙe wata baɗi.

Aikin ikilisiyar ƙauye

Kada mace ta bar gari ba da sanin ikilisiya ba. Magatakarda ya rubuta sunanta da inda za ta, a ba ta takarda zuwa ga shugabar Zumuntar Mata ta can, a sanar da su ta waya kafin ta tashi. Iyaye kuma su yi hattara da mai zuwa da alkawarin aiki ko makaranta, amma ta ƙi faɗin sunan gidan. Dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ana iya kai ƙara ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mata nawa ne daga ikilisiyarmu suke birni yanzu? Mun san gidajen da suke?

2. Cikin abubuwa huɗu da Rut ta samu, wanne ne matanmu suka fi rasawa?

3. Akwai baƙuwa a ƙauyenmu, mai bi ko ba mai bi ba, wadda ba wanda ya taɓa ziyarta?

4. Wace mace za mu zaɓa a wannan mako ta riƙe wannan aiki?

Addu'a

Ya Ubangiji, kai ne mai lura da baƙo da maraya da gwauruwa. Ka tsare 'yan'uwanmu mata da suke nesa da gida. Ka sa albarka ga gidajen da suka karɓe su da mutunci. Ka ba mu zuciya da ƙafafun zuwa neman su. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.