Yadda ɗan kasuwar Bana zai zaɓi manhajar jadawalin lissafi

Mai kai rake ko gishirin Foga kasuwar Gaya, ya saro kaya a Kamba, kuɗi iri biyu yake juyawa: sefa da naira. Ranar da canji ya motsa, lissafin littafi sai an sake shi daga tushe. A nan manhajar jadawali take da rana, in an dace da zaɓi.

Fara da abin da ke hannunka. In waya ce kaɗai, zaɓinka Google Sheets, Excel na waya ko WPS Office. In akwai kwamfuta, ƙara LibreOffice Calc: kyauta ce, ba rajista, ba ruwanta da intanet. A waya ce ba ta da ƙarfi.

Sannan ka kashe data, ka gwada buɗe aikinka. A ganina wannan gwajin ya fi sauran nauyi, don rezo ba shi da alƙawari. Sheets ta yi fice wajen haɗa hannu: kai kana Bana, yaronka yana Gaya, kuna rubutu a shafi ɗaya, tana adanawa da kanta. Amma sai ka kunna mata izinin aiki ba intanet tun rezo yana nan. WPS ba ta da nauyi, sai dai ta kyautar tana damun mutum da talla. Excel ta fi su ɗaukar babban lissafi, ita kuma ofisoshi suka fi sani, amma cikakkiyarta ta kuɗi ce.

Yanzu zuba cinikin mako guda. Ware gida ɗaya, misali F1, ka rubuta canjin ranar, wato sefa nawa ne naira ɗaya. In farashin naira yana B2, rubuta =B2*$F$1 a gefensa, ka ja shi ƙasa. Gobe canji ya sauya, F1 kaɗai za ka taɓa. Kuma ka rubuta sefa yadda take a takardar kuɗi: jaka ɗaya 1000 ce, kada ka sa 200 don ka saba ƙirga da dala.

Kula da harshen manhajar. Excel ta Faransanci SOMME take ganewa, ta Turanci SUM. Ta farko tana rubuta 2,5, ta biyu 2.5. In ka buga adadi da salon da ba nata ba, tana iya ɗaukarsa rubutu, ta tsallake shi wajen tarawa ba tare da ta faɗa maka ba.

Daga ƙarshe adana aikin a tsarin xlsx, wanda duka huɗun suke buɗewa, ka tura wa abokin cinikinka ta WhatsApp. In jimlar da ta fito a wayarsa ta yi daidai da taka, zauna kan wannan manhajar. Duk ranar kasuwa ka tura wa kanka kwafi, saboda ɓatan waya.