Shafin Riga

Ɗana, tunda ka zauna kan keke ka ce ɗinki ka zaɓa, zo mu yi maganar shafi. Yaran yanzu in sun ji an ce shafi, littafi ke zuwa ransu, ko na intanet. A bakin maɗinka kuwa, shafi shi ne ƙyallen da ake shimfiɗawa ta cikin riga a ɗinke: a gindinta, da bakin hannuwa, da wuya, da bayan aljihu inda aiki zai zauna.

Kada ka ɗauka cika ido ne. Shafi ke ba gindin babbar riga nauyi ta sauka sosai, iska ba ta wasa da ita. Shi ke shan zufa da datti a wuya. Shi kuma ke riƙe aiki, don aska takwas tana da nauyi, in ba abin da ya tokare ta daga ciki sai ta ja yadin ya saki. Rigunan saƙi da na tsamiya siraran ƙyallayen saƙar hannu ne aka harhaɗa, shafin ne ke hana gaɓoɓin warwarewa daga ƙasa.

Mutanen da can ba su raina shi ba. A ƙarni na 19 ayari kan ɗauko alharini daga Tarabulus, ya keto Sahara har Kano, kuma da wannan jan alharini mai tsada ake yi wa rigunan manya shafi. Mai riga ya san lokacin da za a gani: in ya ɗaga hannun riga ya aza a kafaɗa, ko ya hau doki gindin rigar ya buɗe.

To, ga abin da nake so ka riƙe. In ka sayo ƙyallen shafi a Kantin Kwari, jiƙa shi ya bushe kafin almakashi ya taɓa shi. In ba haka ba, wankin farko zai tsuke, rigar ta tattare, mai ita ya rasa dalili. Mai launi kuwa gwada shi a ruwa, kada ya zuba a kan farar shadda. Kuma don Allah, kada ka sa wa yadin auduga shafi mai santsi kamar leda. Yana da araha, na sani, amma bawan Allah zai sa rigar nan ya tafi masallacin Juma'a cikin zafin bazara, ya dawo jiƙe sharkaf.

Gab da Sallah, aiki ya taru, barci ya yi ƙaranci, zuciya za ta ce maka wa zai juya riga ya duba? Matar mai rigar za ta juya, mai wanki da guga ma zai juya. In kuɗin mutum bai kai na shafi mai kyau ba, gaya masa tun yana tsaye a shagonka, ya ƙara ko ya zaɓi wanda yake iyawa. Abin da ya ragu na yadinsa kuma, ninke shi ka sa masa a aljihun rigar.