DARASIN YAU: CIWON GWIWA DA BAYA GA MASU HAWA KEKE



Magidanci ne zai zo yana kukan gwiwa da ƙugu, ya ce sanyi ne ya kama shi, har ya sha jiƙo kala-kala ba sauƙi. Da ka bincika sai ka tarar kullum a keke yake zuwa gona ko kasuwa, kuma tun ranar da ya sayo keken bai taɓa taɓa sirdin ba. Wani ciwon, maganinsa yana wajen mai gyaran keke.

Ga yadda ake gane tsayin da ya dace. Ka jingina da bango, ka hau ka zauna, ka juya feda ɗaya ta sauko ƙasa sosai, sannan ka ɗora DUNDUNIYARKA a kanta. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. Shi ke nan. Idan ka zo tuƙi kuma, da gaban tafin ƙafa za ka taka, wajen tushen yatsu, sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan.

Idan sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne ke ciwo, ga saurin gajiya. Mutanenmu sun fi faɗawa nan, don kowa so yake ƙafarsa ta dafa ƙasa yana zaune. Idan kuma ya yi sama da yawa, za ka ji jijiyar bayan gwiwa tana ja, ƙugu yana rangaji hagu da dama. Kar a ɗaga da yawa lokaci guda: rabin santimita, a yi kwana biyu ana hawa, a ji yadda jiki ya karɓa. Akwai layi a jikin ƙarfen sirdin, kar a zaro shi ya wuce wannan layin, yana iya karyewa.

Sai maganar da ake jin nauyin faɗa. Hancin sirdi idan ya ɗaga sama, yana danne jijiyoyi da hanyoyin jinin da ke tsakanin gaba da dubura, har mutum ya ji wurin kamar ya mutu. A daidaita shi ya kwanta miƙe, a riƙa ɗan tashi tsaye kan feda idan tafiya ta yi nisa. In an gyara amma abin bai daina ba, ko gwiwa ta kumbura, to a je asibiti.

Kan keke ma a duba. Idan sai ka miƙe hannu ƙwarai kafin ka kamo birki, wuya da kafaɗa za su biya.

Iyaye, don Allah a daina ba yaro keken da ya fi ƙarfinsa wai zai girma a kai. Ya tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, sandar keken tana tsakanin ƙafafunsa; in ba tazarar yatsu biyu ko uku, keken ba nasa ba ne tukuna.

A tura wa mai keke. Allah Ya ƙara mana lafiya.